Karo-karon Kuɗin Fansa Ya Koma Waya

A Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, idan 'yan bindiga suka ɗauke mutum, dangi kan fara sayar da hatsi, shanu ko gona. Idan kuɗin bai cika ba, sai a saka lambar asusu a WhatsApp da Facebook, 'yan uwa na Kano da Legas su tura abin da ya sawwaƙa.

Abin takaici, masu garkuwa kan samu labarin su ƙara farashi, 'yan damfara kuma su kwafe saƙon su sauya lambar.

A Janairun 2024, bayan irin wannan karo-karo a Abuja, Ministan Tsaro na lokacin, Muhammad Badaru Abubakar, ya gargaɗi jama'a su daina.