Vestal, jirgin dakon kwal da ya zama garejin yaƙin teku

In ana labarin harin da Japan ta kai Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, sunan Arizona ake kamawa, ƙaton jirgin yaƙin Amurka da ya halaka da mutum 1,177. Ba kasafai ake tuna jirgin da ke ɗaure a jikinsa a safiyar nan ba. Vestal sunansa, gyara ne aikinsa: gareji ne mai yawo a kan ruwa, cike da makanikai, masu walda, maƙera, kafintoci da masu nutso.

Ba ma don gyara aka ƙera shi ba. A 1908 aka saka shi ruwa a New York, yana dakon kwal. Sai a 1913 ya fito daga tashar sojan ruwa ta Boston da sabuwar sana'a. Yaƙin Duniya na Ɗaya a Queenstown ta ƙasar Ailan ya yi shi, yana yi wa ƙananan jiragen yaƙi gyara. Ke nan da wuta ta tashi a 1941, tsoho ne mai shekara 33.

Ranar 6 ga Disamba aka ɗaure shi a jikin Arizona don aikin mako guda. Kwana ɗaya tak ya samu.

Bam biyu suka same shi. Bama-baman kuwa harsasan igwa ne na manyan jiragen ruwa, Japanawa suka gyara su don a jefo daga sama su fasa sulke. Vestal ba shi da sulken. Na biyun ya ratsa shi tun daga sama ya fice ta gindi, ya bar rami, ruwa ya shiga kwarara.

Da rumbun albarushin Arizona ya fashe, ƙarfin fashewar ya yi cilli da kwamandan Vestal, Cassin Young, cikin teku. Mutumin nan ya yi iyo cikin mai, ya hau jirginsa jiƙe sharkaf, ya tarar an riga an ce kowa ya fice ya tsira da ransa. Ya soke umarnin, ya mayar da kowa bakin aikinsa. Da taimakon wani ƙaramin jirgin ja mai suna Hoga aka janye Vestal, aka kife hancinsa a tudun yashi na Aiea don kada ya nutse. Young ya samu lambar bajinta mafi girma ta sojan Amurka.

Na fi son labarin Joe George, wani ƙaramin soja ɗan dambe. An umarce shi ya yanke igiyoyin da suka haɗa jiragen biyu. Sai ya hango mutane a saman Arizona wuta ta ritsa da su. Ya yi kunnen uwar shegu da umarnin, ya wurga musu igiya. Mutum shida, wasu a ƙone, suka ratayo da hannu a kan ruwan da ke ci da wuta har suka iso Vestal. A cikinsu akwai Donald Stratton da Lauren Bruner. George ya rasu a 1996 ba a ba shi lamba ba. Su Stratton da Bruner ne suka yi ta kai gwauro suna kai mari, har Fadar White House, sai a 2017 aka miƙa wa iyalinsa lamba, shekara 76 bayan abin. Kwamanda ya soke umarni an karrama shi cikin watanni, ƙaramin soja ya ƙi umarni ya jira har bayan ransa.

Wa ya gyara mai gyara? Shi ya gyara kansa. Tashar ta cika da manyan jirage masu jiran aiki, don haka mutanen Vestal suka ɗinke jirginsu da hannunsu, suka gama a Fabrairun 1942.

Daga nan ya gangara kudancin tekun Pasifik. A tsibiran Tonga, cikin kwana 60, ya yi ayyukan gyara 963. A tsibirin Espiritu Santo, cikin shekara guda, ya yi 5,603 a kan jirage 279. A Nuwamban 1942 ma sai da jirgin dakon jiragen sama, Enterprise, ya tafi yaƙin Guadalcanal da makanikan Vestal a cikinsa suna ta bugun ƙarfe, don ba lokacin jira.

A wannan yaƙin aka kashe Young, ranar 13 ga Nuwamba, 'yan kwanaki bayan an ba shi jirgin San Francisco. Da jirgin ya dawo a ragargaje, tsofaffin yaransa na Vestal na cikin waɗanda suka yi masa gyara. Jirgin da aka sa wa sunan Young yanzu gidan tarihi ne a Boston, a tashar da aka mayar da Vestal gareji.

A 1945 yana kusa da Okinawa yana ɗinke jiragen da 'yan ƙunar baƙin waken Japan suka faɗa wa. A watan Agustan 1946 aka sallame shi daga aiki, a 1950 aka sayar da shi ga masu gwangwan.