Yadda jadawalin kwamfuta ke nuna wa mai shafin intanet abin da jama'a ke nema

Ɗan kasuwar da ke zaune a bakin shagonsa a Kantin Kwari ba ya bukatar a faɗa masa abin da masu saye ke so. Yana jin hajar da aka fi tambaya, yana ganin wanda ya tsaya ya taya, yana kuma lura da wanda ya leƙo ya wuce shagon maƙwabci. Da wannan yake sanin abin da zai saro gobe.

Wanda ya buɗe shafin intanet ba shi da wannan damar. Abin da yakan samu a ƙarshen wata shi ne adadi guda daga wanda ya gina masa shafin, cewa mutum kaza sun ziyarta. A kan wannan adadin ake ƙara kuɗin talla ko a rage, a kansa ake sabunta kwangilar kula da shafi, kuma shi jami'in yaɗa labarai na ma'aikata ke sakawa a rahoton da zai kai wa shugabanninsa.

Sai dai jimillar masu ziyara ba ta bayyana abin da ya kawo su, balle ta faɗi yawan waɗanda suka ga shafin suka ƙi shiga. Waɗannan bayanan suna nan kyauta, kuma jadawalin lissafi irin na Excel ko Google Sheets ya isa a tace su.

Inda alƙaluman suke

Tun daga watan Oktoban 2011 kamfanin Google ya fara ɓoye kalmomin da mutane suka rubuta kafin su faɗa wani shafi, kuma zuwa 2013 manhajojin ƙidayar masu ziyara sun daina ganin mafi yawansu. Ƙofar da ta rage ita ce Google Search Console, wani dandali na kyauta da a da ake kira Webmaster Tools kafin a sauya masa suna a 2015.

Mai shafi sai ya tabbatar wa dandalin cewa shafin nasa ne kafin ya ga komai. A nan ne 'yan kasuwa da ma'aikatu kan yi sakaci, su bar rajistar da adireshin imel ɗin wanda aka ba kwangilar gina shafin. Ranar da aka raba gari da shi, sai a koma neman hanyar shiga. Abin da ya dace shi ne rajistar ta kasance da imel ɗin kamfani ko na ma'aikata, sannan a ba ma'aikacin izinin dubawa.

A sashen da aka rubuta wa Performance, dandalin yana ba da alƙaluma huɗu. Na farko shi ne bayyana, wato sau nawa shafin ya fito a sakamakon bincike. Na biyu shi ne dannawa, wato sau nawa aka latsa aka shiga. Na uku shi ne kason dannawa, wanda ake samu idan aka raba dannawa da bayyana. Na huɗu shi ne matsayi, wato gurbin da shafin ya saba fitowa a jerin sakamako, inda 1 ke nufin can sama.

Ana iya kallon waɗannan huɗun ta fuskar kalmar da aka nema, ko ɓangaren shafin da ya fito, ko ƙasar mai bincike, ko na'urar da ya yi amfani da ita, ko kwanan wata.

Iyakoki uku kafin a fara lissafi

Maɓallin Export yana sauke bayanan zuwa Google Sheets ko Excel ko fayil ɗin CSV. Ga shafin da ke da rubutun Hausa, biyun farko sun fi aminci, domin idan aka buɗe CSV kai-tsaye a Excel, haruffa masu lanƙwasa kan rikiɗe su koma wasu alamomi marasa ma'ana.

Iyaka ta farko ita ce layuka 1,000 kacal ake samu a kowane jadawali da aka sauke ta wannan hanya. Ga ƙaramin shago wannan ya wadatar. Babban shafi kuwa sai an tace bayanan kashi-kashi, misali ƙasa ɗaya ko ɓangare ɗaya a lokaci guda, a sauke kowanne daban.

Ta biyu, dandalin yana riƙe bayanan watanni 16 ne kawai. Duk abin da ya wuce haka ya tafi, kuma babu inda za a nemo shi. Wanda ke son kwatanta bana da shekaru biyu da suka wuce dole ya riƙa saukewa duk wata yana adanawa.

Ta uku, Google yana ɓoye kalmomin da mutane ƙalilan ne suka nema, domin kare sirrinsu. Dannawar da suka yi tana cikin jimillar da ke saman rahoto, amma kalmomin ba sa cikin jerin. Saboda haka idan aka tara layukan jadawali aka ga ba su kai jimillar ba, ba kuskuren lissafi ba ne.

Akwai kuma wani saɓani da ke rikita masu rahoto. Idan ɓangarori biyu na shafi ɗaya suka fito a bincike guda, jimillar sama tana ƙirga bayyana ɗaya, amma jadawalin ɓangarori yana ƙirga biyu.

Matsalar ƙ, ɗ da ɓ

Jadawalin da aka sauke yana zuwa da ginshiƙai biyar: kalma a A, dannawa a B, bayyana a C, kaso a D, matsayi a E. Kafin a taɓa lambobin, sai an gyara kalmomin.

Masu bincike da Hausa ba sa rubutu iri ɗaya. Wani zai rubuta "kuɗi", wani "kudi", wani "kud'i". Wani zai nemi "atamfa", wani "atampa", wani kuma ya gauraya Hausa da Turanci a jimla ɗaya. Kowanne zai fito a layinsa, don haka bukata ɗaya babba sai ta warwatse ta zama ƙanana biyar ko shida, har mai dubawa ya ɗauka ba ta da muhimmanci.

Maganin shi ne a buɗe sabon ginshiƙi a gefe, a daidaita rubutun a ciki. Umarnin =SUBSTITUTE(A2,"ɗ","d") yana mayar da ɗ zuwa d, haka kuma za a yi wa ƙ da ɓ. Umarnin TRIM yana share gurabun da suka yi yawa. Kada a goge ginshiƙin asali, domin daidaitawar tana haɗe kalmomin da ba ɗaya ba ne, kamar "ƙafa" da "kafa", ko "ɓari" da "bari".

Bayan haka sai a ƙara wani ginshiƙin na rukuni, a sa wa kowace kalma lakabi: farashi, adireshi, sunan kamfani, nau'in kaya, yadda ake cike fom. Daga nan kayan aikin da manhajojin biyu ke kira Pivot Table zai tara dannawa da bayyanar kowane rukuni wuri ɗaya. Layuka dubu sai su koma goma ko sha biyu da mutum zai iya karantawa a zama ɗaya.

Kuskuren da ya fi yawa

Abin da hannu ya fi saurin yi shi ne a haskaka ginshiƙin kaso a nemi matsakaicinsa. Amsar da za ta fito ba daidai ba ce.

A ɗauki misalin kalmomi biyu. Ta farko ta bayyana sau 10, an danna sau 5, wato kashi 50 cikin 100. Ta biyu ta bayyana sau 1,000, an danna sau 20, wato kashi 2 cikin 100. Matsakaicin 50 da 2 shi ne 26, adadin da zai faranta ran kowane shugaba. Amma gaskiyar ita ce an danna sau 25 cikin bayyana 1,010, wanda bai wuce kashi 2.5 cikin 100 ba. Wanda ya kai rahoton 26 ya ninka gaskiya fiye da sau goma, ko da bai yi niyyar yaudara ba.

Hanyar da ta dace ita ce a tara dukkan dannawa, a tara dukkan bayyana, sannan a raba.

Haka batun matsayi yake. Idan kalma ta farko tana matsayi na 1, ta biyu tana na 9, matsakaicin gaggawa zai ce 5. Amma idan aka ba kowace kalma nauyi gwargwadon bayyanarta, amsar ita ce 8.9, wato kusan ƙarshen shafin farko na sakamako. Umarnin da ke yin wannan lissafin shi ne =SUMPRODUCT(C2:C1001,E2:E1001)/SUM(C2:C1001).

Tambayoyin da jadawalin ke amsawa

Da zarar an gyara bayanan, tambaya ta farko ita ce: waɗanne kalmomi ne ke bayyana da yawa, a matsayi mai kyau, amma ba a dannawa? Waɗannan su ne masu leƙo shago su wuce. Sau da yawa laifin yana kan kanun da ke fitowa a sakamako. Mutum ya nemi farashin shadda, sai ya ga kanun da ke cewa "Barka da zuwa shafinmu", a ƙarƙashinsa kuma ga wani da ya ambaci farashi ƙarara. Gyara kanun ba ya cin ko kwabo. Wani lokacin kuma Google da kansa ne ya ba da amsar a saman sakamako, har mai bincike bai ga bukatar shiga ko'ina ba.

Tambaya ta biyu: waɗanne kalmomi ne ke tsakanin matsayi na 8 da na 20? Shafin farko na sakamako yakan ɗauki kusan goma, don haka waɗannan suna bakin ƙofa. Ƙarin bayani, sabon farashi ko hotuna masu kyau a ɓangaren da ya dace kan fi amfani a nan fiye da buɗe sabon ɓangare.

Ta uku: kashi nawa na dannawar ne ya zo daga masu rubuta sunan kamfanin kai-tsaye? Waɗannan sun riga sun san shi. Idan su ne mafi yawa, to shafin yana hidima ga tsofaffin abokan ciniki ne, bai jawo sababbi ba, kuma duk wanda ake biya domin ya ɗaga shafin a Google yana da bayanin da zai yi.

Ta huɗu ta fi shafar ma'aikatu: me jama'a ke nema da shafin bai tanada ba? Idan rukunin "yadda ake cike fom" ko "ranar rufe rajista" ya fi kowanne bayyana, alhali fuskar shafin cike take da hotunan taro da jawaban shugabanni, jadawalin ya nuna dalilin da ya sa layi ba ya ƙarewa a ƙofar ofis.

Kwatanta lokaci da lokaci

Kwatanta wata da wanda ya gabace shi yana yaudarar mai kasuwancin da ke bin yanayi, don haka an fi so a kwatanta da irin watan a bara. Amma ga kasuwar da azumi da salla ke juyawa, wannan ma bai isa ba, domin shekarar Musulunci tana matsowa da kusan kwana 11 duk shekara.

A 2024 an fara azumi a Najeriya ranar 11 ga Maris, aka yi Ƙaramar Salla ranar 10 ga Afrilu. A 2025 an fara ranar 1 ga Maris, aka yi salla ranar 30 ga Maris. Mai sayar da yadi da ya kwatanta Afrilun 2025 da na 2024 zai ga kamar kasuwa ta faɗi, alhali sayayyar salla ce ta koma cikin Maris. Hanyar da ta fi ita ce a ƙara ginshiƙin da ke ƙirga saura kwana nawa salla, a jera shekarun biyu a kansa.

Ranakun mako ma haka: Juma'a ake kwatantawa da Juma'a, ba da Litinin ba. Sannan rahoton kwana-kwana yana bin agogon yammacin Amurka ne, wanda ke bayan na Najeriya da awa takwas ko tara gwargwadon lokacin shekara. Binciken da aka yi a Kano da ƙarfe bakwai na safiyar Talata yana faɗawa cikin lissafin Litinin. Alƙaluman kwana biyun ƙarshe kuma ba su cika kammaluwa ba, don haka gara a cire su daga rahoto.

Abin da alƙaluman ba sa faɗa

Dannawa ba ciniki ba ce. Search Console yana tsayawa ne a bakin ƙofar shafi, bai san ko wanda ya shiga ya saya ko ya kira waya ba. Ba ya kuma ƙirga waɗanda suka zo ta WhatsApp, Facebook ko TikTok. Masu amfani da Bing suna da nasu dandalin daban na kamfanin Microsoft.

Don haka jadawalin ba ya cika sai an ajiye shi kusa da littafin ciniki, ko rajistar masu zuwa ofis. Idan dannawa ta ninka amma oda ba ta motsa ba, an tara 'yan kallo ne. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai.

Aikin gaba ɗaya bai wuce na awa ɗaya a wata ba. A makon farko a sauke bayanan watan da ya gabata, a liƙa su ƙarƙashin na baya tare da ginshiƙin wata, a sabunta rukunoni, a zaɓi gyara biyu ko uku, a rubuta ranar da aka yi su. Bayan makonni kaɗan, layukan da aka taɓa su ne za su nuna ko gyaran ya yi aiki. Wanda ya riƙe wannan tsarin, idan aka kawo masa adadin ƙarshen wata, ya san abin da zai tambaya: mutum nawa suka gani, nawa suka shiga, kuma me suka zo nema.