Cape Town: Ɗaliban likitanci da ke duba marasa lafiya bayan an tashi daga aji

Idan yamma ta yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, wasu ɗaliban likitanci ba ɗakin kwana suke nufa ba. Motoci suke shiga zuwa unguwannin talakawa irin su Khayelitsha da Masiphumelele, inda jama'a ke jiransu a layi. Ba a biyansu ko sisi, su ma ba sa karɓar kuɗi daga hannun maras lafiya.

Ƙungiyar da ke wannan aiki ana kiranta SHAWCO, kuma ta girmi yawancin malaman da ke koyar da ɗaliban. An kafa ta a 1943, bayan wani ɗalibi mai suna Andrew Kinnear ya yi aikin tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya a lokacin hutu, ya ga halin da mutanen unguwar Windermere ke ciki. Ya samu goyon bayan Dakta Golda Selzer ta asibitin Groote Schuur, wato asibitin da aka fara dashen zuciya a duniya a 1967. Ƙungiyar ta ci gaba da aiki har a zamanin mulkin wariyar launin fata, lokacin da ake tashin baƙar fata daga gidajensu ana watsa su bayan gari.

Tsarin aikin shi ne abin lura. Ɗalibi ne ke sauraron koken maras lafiya, ya auna shi, ya rubuta abin da yake zato. Amma ba shi da ikon sallamar kowa. Sai ya kai bayanin gaban cikakken likita, wanda shi ma aikin sa kai ya kawo shi, ya amince kafin a ba da magani. Abin da ya fi ƙarfin wurin, kamar tarin fuka ko hawan jini da ya yi tsanani, sai a tura shi asibitin gwamnati da takarda. Ɗalibai daga ƙasashen waje ma kan zo su shiga, a bisa wannan ƙa'idar.

Wannan ne ya raba su da wani salo da ya yaɗu, inda matasa daga Turai da Amurka ke biyan kamfanoni kuɗi don su zo Afirka na makonni kaɗan. An sha kokawa cewa wasunsu na ɗinke rauni ko karɓar haihuwa, abin da ba za a bari su taɓa ba a ƙasashensu. Su koma gida da hotuna, maras lafiya kuwa ba shi da wanda zai tambaya idan ciwon ya dawo.

Ko ƙungiyar likitocin MSF, wadda mutanen Madarunfa da Magarya suka sani sarai, ba ta tura ɗalibai fagen aiki. Sai wanda ya kammala karatu, ya kuma yi aiki na wasu shekaru, take ɗauka.