Sinkin Gilashi ko na Tangaran: Wanne Ya Dace da Gidan Gombe?

Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gari yake ta faɗaɗa, gine-gine sun miƙa har Tumfure a hanyar Bauchi, kuma sabon gida yanzu kowane ɗaki da banɗakinsa. Da an gama sa tayil sai maganar sinkin wanke hannu. A shagon kayan famfo mai gini zai tarar da farin tangaran da aka saba, ga kuma na gilashi da ake ɗorawa a kan teburi, wani kore, wani ruwan zuma, wani da zanen furanni. Kan na gilashin ido yake fara kaiwa, musamman in gidan amarya ake shiryawa.

Kada a raina ƙarfinsa. Ba irin gilashin taga ba ne: gasa shi ake yi sannan a sanyaya shi da sauri, sai ya ninka gilashin gama-gari ƙarfi wajen sau huɗu, kaurinsa kuma yakan kai milimita 12. Lalle da rini ba sa kama shi. Rauninsa yana baki da kuma ramin da ruwa ke fita. In mai gyaran famfo ya ɗaure mariƙin ƙasa fiye da kima, ko ya manta robar da ke raba gilashi da ƙarfe, to ya dasa matsala, ko da ba a ranar za ta bayyana ba. Kuma shi ba ya tsagewa ya jira a tara kuɗi. In ya tashi fashewa, rugujewa yake yi gaba ɗaya. Tangaran, da aka gasa a wutar da ta kai digiri 1,200, kwalbar turare kan faɗa masa ya ɓantare, amma a ci gaba da amfani da shi shekara da shekaru.

Inda aka rabu sosai shi ne ruwa. Ruwan famfon Gombe daga madatsar Dadin Kowa yake zuwa, a kan kogin Gongola, kuma duk mazaunin garin ya san ba kullum yake isa kowace unguwa ba. Gidaje da yawa da burtsatse, tanka ko kurar mai ruwa suke rayuwa. Sinkin gilashi kuwa an ƙera shi ne don gidan da famfo ba ya ɗaukewa, akwai kuma mai goge shi duk bayan amfani. Kowane ɗigo da ya bushe a jikinsa sai ya bar farin tabo, haka kumfar sabulu da man goge baki. Hunturu ya zo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙura ta sauka a kan danshi, sai ka ga abin da aka saya don ƙyalli ya yi dususu kafin azahar. Ruwan lemun tsami da tsumma mai laushi suna fitar da tabon, amma wa yake da wannan lokaci a gida mai yara? 'Yar aiki kuma ta ɗauko soson ƙarfe, ta karce shi, karcen da ba ya gyaruwa. Farin tangaran ma yana datti, sai dai yana da rufin asiri.

Hunturun dai shi ke kawo wani haɗarin. Da asuba ana dafa ruwan wanka, wani ya juye tafasasshe a sinkin da ya kwana cikin sanyi. Tangaran ma ba ya son haka, amma kowa ya ga yadda kofin gilashi ke yi da ruwan zafi.

Sai alwala, wadda masu ƙera waɗannan kaya ba su yi lissafinta ba. Mutane da dama a sinki suke yinta, har su ɗaga ƙafa su ɗora a baki. Na gilashi yana hawa kusan santimita 15 a kan teburinsa, yana buƙatar dogon kan famfo, ruwa na fantsama, ba shi kuma da ramin nan na gefe da ke zubar da ruwa in ya cika. A gidan da ake barin famfo a buɗe ana jiran a kawo ruwa, wannan kaɗai ya isa ya jiƙa kafet.

Kicin ba ya buƙatar dogon bayani. Inda ake kankare tukunyar tuwo ana sauke ruwan taliya, na silba mara tsatsa ne gwani, gilashi da tangaran duk su ja baya.

Na gilashi yana da wurinsa: kusa da teburin cin abinci, ko banɗakin baƙi, inda hannu kawai ake wankewa. Banɗakin iyali kuwa a sa masa tangaran. Wanda ransa ya biya da gilashin, ya tambayi mai shago kaurinsa, ya shafa bakin sinkin ya ji ko ya ƙwanƙwasu a mota, kuma ya tsaya a kan mai haɗa shi har ya gama.