KIWON KAJI A GANGARA: TSAKUWA CE HAƘORIN ƊAN TSAKO

A Gangara, da sauran ƙauyukan Sabon Birni da Isa, kaza ita ce asusun uwargida. Idan yaro ya kwanta ciwo, kaza ake kamawa a sayar a sayi magani. Idan baƙo ya sauka, ita ke fid da maigida kunya. Tun da ɓarayin daji suka addabi wannan yanki, gidaje da yawa sun rasa shanu da tumaki da awaki. Daga shekarar 2019 mutane masu yawa sun bar ƙauyukansu, wasu sun koma cikin garin Sabon Birni da Isa, wasu sun ƙetara iyaka zuwa jihar Maraɗi. A irin waɗannan gidaje kaji ne 'yar dukiyar da ta rage.

To, amma kiwon ya sake. Kazar da a da take yawo bayan gari da 'ya'yanta, yanzu tana kulle a tsakar gida, ko a akurki, ko ƙarƙashin kwando, wani wuri ma a kan daɓen siminti. Sai a ga 'yan tsaki suna cin abinci sosai, amma ba su girma. Abinci yana ƙarewa, jiki bai nuna ba. Sau da yawa abin da suka rasa ba ya cin ko kwabo. Tsakuwa ce.

AIKIN TSAKUWA A CIKIN KAZA

Kaza ba ta da haƙori. Abin da ta tsattsaga, haɗiye shi take yi ɗungum. Da farko abincin yakan tsaya a wata 'yar jaka da ke gindin wuya, ya jiƙa. Daga nan ya gangara ciki, ya haɗu da ruwan narkar da abinci, sa'an nan ya faɗa ƙundu. Ƙundu tsoka ce mai ƙarfi, tana matsewa tana saki dare da rana. Tsakuwar da kaza ta haɗiye a can take zama, tana gugar ƙwayar hatsi har ta zama gari, kamar yadda ɗan dutse ke yi a kan dutsen niƙa.

Duk matar da ta taɓa gyara kaza ta ga shaidar wannan. In an tsaga ƙundun kazar da ke yawo, za a tarar da 'yan tsakuwoyi masu santsi a cakuɗe da abinci. Ba datti ba ne, haƙoranta ke nan. Yau da gobe tsakuwar takan cinye ta fita tare da kashi, don haka kullum kaza tana neman sabuwa.

Idan babu tsakuwa, ƙundu ba ya niƙa ƙwaya mai tauri yadda ya kamata. Wani sashe na hatsin sai ya fita bai yi wa jiki amfani ba. Ga hatsi ya yi tsada, ga shi yana zubewa a banza. Hausawa sun ce, rashin sani kaza ta kwana kan dami.

WAƊANNE 'YAN TSAKI KE BUKATA?

Ba kowane ɗan tsako ne sai an kawo masa tsakuwa ba. Wanda ke bin uwarsa waje, tana tono yana tsinta, yakan samo tasa da kansa in ƙasar wurin tana da ita. Haka kuma wanda ake ciyarwa da abincin buhu zalla, irin na 'yan tsaki da aka niƙa ya yi laushi, ba ya bukata, domin inji ya riga ya yi masa niƙan.

Masu bukata su ne waɗanda aka tsare wuri ɗaya, kuma ana ba su ɓarzajjen gero ko dawa ko masara, ko ƙwaya sukutum, ko ɗanyen ganye, ko gara da fara. Duk ranar da aka fara ba ɗan tsako irin wannan abinci, ranar ya fara bukatar tsakuwa.

KOWACE KAZA DA GIRMAN TSAKUWARTA

Kajin gida ba girmansu ɗaya ba. Kajin Fulani sun fi jiki. Akwai kuma durgu, mai gajerun ƙafafu da ƙaramin jiki. A ƙasashen Turai ana kiwon wasu ƙananan kaji da ake kira bantam, waɗanda suka samo sunansu daga wata tashar jiragen ruwa a tsibirin Jaba na ƙasar Indonesiya. Yawancinsu ba su kai nauyin kilo 1 ba ko sun girma. Masu kiwonsu sun daɗe da gane cewa tsakuwar babbar kaza ta yi wa 'ya'yansu girma. Wannan darasi ya shafi 'ya'yan durgu da duk ƙananan kajin gida, domin ƙaramin baki da ƙaramin ƙundu sai ƙaramar tsakuwa.

Ba sai an nemi ma'auni ba. Ƙwayar hatsi ta isa a gwada da ita:

1. Daga ƙyanƙyasa zuwa mako 3: tsakuwar da ba ta kai ƙwayar gero ba, wato milimita 1 zuwa 2.
2. Daga mako 3 zuwa mako 8: kamar ƙwayar gero, wato milimita 2 zuwa 3.
3. Daga mako 8 zuwa sama: kamar ƙwayar dawa, wato wajen milimita 4.

Ga 'ya'yan durgu da sauran masu ƙaramin jiki, kada a yi gaggawar ƙara girman. A bar su a kan mataki na farko har su yi wata guda ko fiye. Ko sun zama sagaru, tsakuwa mai girman gero ko ƙaramar dawa ta wadace su. Idan tsakuwa ta yi girma, ɗan tsako zai ɗauka ya yar, ya zauna babu. Idan kuma ta yi laushi kamar gari, wucewa za ta yi ba ta niƙa komai ba.

INA ZA A SAMO TA?

A nan ne mutanen Gobir ya kamata su lura. Mutum zai ce, ai ƙasar nan duk rairayi ce, me kaza za ta rasa? Gaskiya ne akwai rairayi, amma rairayin jigawa, wanda iska ke kwasowa da hunturu, ya cika laushi. Ba ya zama a ƙundu. Lakar fadama kuwa narkewa take yi da ta ji ruwa. Marmara ma wata tana da tauri, wata kuwa rugujewa take yi.

Abin da ake so shi ne yashi mai tsakuwa, irin na gulbi. Gulbin Bunsuru da na Gagare suna tasowa ne daga ƙasashen duwatsu na Katsina da Zamfara, su haɗu a yankin Isa su zama Gulbin Rima. Suna tafe da ɓarɓashin dutse mai tauri, fari-fari mai ƙyalli, wanda ruwan cikin kaza ba ya narkar da shi. Da rani, in ruwa ya janye, ana samunsa a kwance. Ana kuma samun irinsa a kwazazzabo bayan an yi ruwan sama, da kuma a cikin yashin da magina ke sauke wa aikin bulo, muddin ba a haɗa shi da siminti ba.

Kada kowa ya jefa ransa cikin haɗari saboda yashi. In hanyar gulbi ba lafiya, a roƙi magina ko masu kurar yashi a cikin gari. Kwano ɗaya da aka tace zai daɗe wa garken 'yan tsaki, domin kaɗan suke ci.

Ga gwaji mai sauƙi. A ɗebi yashin a jiƙa, a murza tsakanin yatsu. In ya narke ya ɓata hannu, ƙasa ce, a zubar. In ya tsaya yana kartar yatsa, an dace.

YADDA AKE TACEWA

Da farko a tankaɗe yashin da rariyar gari. Abin da ya zuba ƙasa ya yi laushi, ba a bukatarsa. Abin da ya tsaya a sama, a sake tace shi da ragar taga, irin wadda ake sa wa ɗaki saboda sauro. Wanda ya wuce ta ragar shi ne na sababbin ƙyanƙyasa. Wanda ya tsaya a kai, a tsince manyan a ajiye wa iyaye, matsakaitan kuwa na 'yan wata guda ne zuwa biyu. In babu raga, a huhhuda gindin gwangwani da ƙaramar ƙusa, zai yi aikin.

Bayan haka a wanke da ruwa, a yi ta sakewa har ruwan ya fita garau. Sa'an nan a zuba a kasko a ɗora a wuta, a soya shi ya yi zafi sosai, a bar shi ya huce. Dalili shi ne, dabbobi da tsuntsaye suna kashi a bakin gulbi, kuma ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa a ƙasa bai mutu ba. Wuta ce ke kashe shi. A adana a gwangwani mai murfi.

YADDA AKE BA SU

Ɗan tsako yakan fito bayan kwana 21 da sauran gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana 2 zuwa 3. A waɗannan kwanaki yana koyon abin da ake ci, ba ya bambanta abinci da yashi. In an ajiye masa tulin tsakuwa, yana iya cika cikinsa da ita ya bar abinci. Saboda haka a bari ya saba da abinci da ruwa tukuna. Daga kwana na 3 a riƙa barbaɗa kaɗan a kan abincin, kamar yadda ake sa gishiri a miya, sau 2 a mako. In sun yi mako 2, a zuba musu a sakaina ko murfin gwangwani, a ajiye gefe, su ɗiba in sun so. Kada ruwan sha mai tsabta ya yanke musu.

ƁAWON ƘWAI BA NA 'YAN TSAKI BA NE

Akwai kuskuren da wasu ke yi da kyakkyawar niyya. Sun ji ana ba kaji dakakken ɓawon ƙwai, ko katantanwa, ko farin dutse irin wanda ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti da shi, sai su ba 'yan tsaki. Waɗannan ba tsakuwar niƙa ba ne. Narkewa suke yi a ciki, su ba jiki sinadarin kalsiyam, wanda ke gina ƙashi da ɓawon ƙwai.

Kaza mai ƙwai tana bukatarsa da yawa, domin ɓawon ƙwai guda yana ɗauke da wajen giram 2 na kalsiyam. Abincinta yana son kashi 3 da rabi zuwa 4 cikin 100. Ɗan tsako kuwa wajen kashi 1 cikin 100 ya ishe shi. In ya yi masa yawa, yana lalata ƙoda, yana iya kashe shi. Don haka a ajiye ɓawon ƙwai sai sagara ta kusa fara ƙwai, wato wata 5 zuwa 6 ga kajin gida. Abincin buhu na kaji masu ƙwai ma kada a ba 'yan tsaki, saboda wannan dalili.

In ana shakkar wani farin dutse, a daka kaɗan a ɗiga masa ruwan lemon tsami. In ya yi 'yar kumfa, mai narkewa ne, na iyaye ne. In bai yi ba, dutsen niƙa ne.

ABUBUWAN DA ZA A KIYAYE

Ɗan tsako yana haɗiye duk abin da ya yi kama da tsakuwa. A share tsakar gida daga fasasshiyar kwalba, da guntun waya, da ƙananan ƙusoshi, da fasasshen batir. Ƙwayar takin zamani, musamman farin nan, da irin shuka da aka shafa wa magani, guba ne gare su. Kanwa da gishiri ma ba su maye gurbin tsakuwa.

Sa'an nan kada a kuskura a ɗebo dakakken dutse daga inda ake aikin zinariya. A shekarar 2010 gubar dalma da ke cikin irin wannan dutse ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Kafin a gane abin da ke faruwa, agwagin ƙauyukan ne suka fara mutuwa. Dalmar da ta shiga jikin kaza tana iya kaiwa ga ƙwai da nama, daga nan ta kai ga yaran gida.

A RIƘA DUBAWA

Mai kiwo ya riƙa duba kashin 'yan tsakinsa. In yana ganin ƙwayar hatsi ta fito yadda ta shiga, alama ce niƙa ba ta tafiya daidai. Da sassafe kuma, kafin a ba su abinci, a shafa jakar wuya. Ya kamata a ji ta wayam. In ta kwana a cike da tauri, abinci ya tsaya, sau da yawa saboda doguwar ciyawa. A riƙa yanka ganye ƙanana-ƙanana kafin a ba su, wanda abin ya kama kuwa a nuna shi ga malamin dabbobi.

Amma tsakuwa ba magani ba ce. In an ga zawo da jini, ko koren zawo da murɗewar wuya, ko kaji suna mutuwa bi da bi kamar yadda akan yi da hunturu, wannan cuta ce. A ware marasa lafiya nan da nan, a nemi malamin dabbobi. Annobar nan ta hunturu tana da rigakafi, ana yin sa a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a jihar Filato, kuma tun kafin sanyi ya shigo ake ba da shi.

Ana kira ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, da su karanta wa maƙwabtansu wannan bayani. Gidaje 3 ko 4 suna iya haɗa kai su samo yashi kwano ɗaya, su tace, su soya, su raba. Ɗan tsakon da aka kula da shi da kaka, shi ne zakaran da za a kai kasuwa kafin damina. Allah ya kawo zaman lafiya a ƙasar Gobir, ya sa albarka a kiwo.