BABI NA UKU: ƁARNAR DA AKE YI WA KAYAN TARIHI DA MUHALLI A HAMADA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yanayin ƙasar Azbin da hamadar Tenere da ke arewacin Jamhuriyar Nijar. A wannan babi za a duba irin ɓarnar da ɗan Adam yake yi wa waɗannan wurare, ko da gangan ko ta hanyar sakaci, sannan a kawo matakan da aka ɗauka don kare su.

3.1 Raunin Muhallin Hamada

Hamada wuri ne mai ƙarancin ruwa, saboda haka duk abin da ya tsiro a cikinta yakan ɗauki shekaru masu yawa kafin ya kafu, idan kuwa aka lalata shi da wuya ya dawo. Misali a nan shi ne bishiyar Tenere, wata itaciya dangin bagaruwa da ta tsaya ita kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma. Lokacin da aka haƙa rijiya kusa da ita, an tarar saiwoyinta sun nutsa fiye da mita 30 don neman ruwa. Buzaye madugan ayari ba sa saranta don itacen wuta. Amma a shekarar 1973 wani direban babbar mota ya banke ta, ta faɗi. An kai gawarta Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Yamai, aka kafa siffar ƙarfe a gurbinta.

3.2 Ɓarna Ta Hanyar Zane

Ɓarnar da ta shafi zane iri biyu ce. Ta farko ita ce ta gangan, kamar yadda ya faru a shekarar 2009 a duwatsun Akakus na ƙasar Libiya, inda aka fesa fenti a kan zane-zanen mutanen da. Ta biyu kuwa ita ce wadda ake yi da sunan fasaha. Mai zanen nan Jean Vérame ya shafe manyan duwatsu da fenti a hamadar Sina'i a 1980, da yankin Tafrawut na Maroko a 1984, da kuma Tibesti ta ƙasar Cadi a 1989. Haka kuma, masu ɗaukar hoto sukan jiƙa tsohon zane da ruwa ko su bi layinsa da alli don ya fito sosai, wanda hakan yake sa dutsen ya riƙa ɓarewa.

3.3 Matakan Kariya

Gwamnatin Nijar ta keɓe yankin Azbin da Tenere a 1988, mai faɗin fiye da hekta miliyan 7. Hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1991, sannan a 1992 ta sanya shi cikin waɗanda suke fuskantar haɗari saboda tawayen da ya ɓarke a arewacin ƙasar.

Bugu da ƙari, akwai darasi a wurin da ake kira Dabus, arewa da Agadas, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse shekaru dubbai da suka wuce. Babban cikinsu ya haura mita 5. A 1999 masana suka ɗauki kwafin sassaƙar da izinin hukuma, aka zuba shi da sanholo aka ajiye a filin jirgin saman Agadas. Aka kuma haƙa rijiya a wurin, aka ɗauki masu gadi daga cikin Buzayen yankin.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa kayan da ke Gidan Tarihi na Kaduna, a kan titin Ali Akilu, suna da rufi da ma'aikata masu kula da su. Zanen da ke jikin dutse a fili, ko a Dabus ko a Dutsen Mesa na Birnin Kudu a Jihar Jigawa, ba shi da mai tsaro sai mutanen da ke zaune kusa da shi. Ke nan doka ba za ta wadatar ba sai an jawo waɗannan mutane a jika, sun ga amfanin wurin a rayuwarsu. Babi na gaba zai duba rawar da sarakunan gargajiya za su taka a wannan fanni.