Bangarra: Rawar da ke tuhumar tarihin Ostireliya

A watan Nuwamban 1789, Gwamna Arthur Phillip ya sa aka sato mutum biyu daga cikin mutanen da Turawan Birtaniya suka tarar a gaɓar Sydney, domin ya samu tafinta. Ɗayansu shi ne Bennelong, ɗan al'ummar Eora. Ya koyi Turanci, aka tafi da shi Ingila a 1792, ya dawo bayan shekara uku, ya rasu a 1813. Inda gwamnan ya gina masa ɗaki, nan ne a yau katafaren gidan wasanni na Sydney Opera House yake tsaye.

A cikin wannan gida ƙungiyar rawa ta Bangarra ta nuna wasanta mai suna Bennelong a 2017. An kafa ƙungiyar a 1989, sunanta kuma na nufin kunna wuta a harshen Wiradjuri. Masu rawarta 'yan asalin ƙasar ne, Aborijin da mutanen tsibiran Torres. Suna haɗa horon rawar zamani da taku da waƙoƙin da dattawa suka ba su izinin ɗauka, jikinsu shafe da farar ƙasa.

Stephen Page, wanda ya tsara wasan, bai fito da Bennelong a matsayin gwarzo ba, bai kuma kira shi maci amana ba. Ya nuna mutumin da aka sanya wa rigar Bature, ya ci abinci da waɗanda suka ƙwace ƙasarsa, cutar agana kuma ta riga ta yi wa danginsa kaca-kaca. A ƙarshe, ana ta jera bango kewaye da shi har ya ɓace wa 'yan kallo. Kalaman baka ba su da yawa a wasan, jiki ne ke ba da shaida.

Hukumomin Ostireliya dai na alfahari da wannan rawa. Page na cikin waɗanda suka tsara sashen 'yan asalin ƙasa a bikin buɗe gasar Olamfik ta Sydney a 2000, inda duniya ta kalli al'adarsu a matsayin fuskar ƙasar. Sai dai tafi a zauren wasa bai zama ƙuri'a ba. A ranar 14 ga Oktoban 2023, kusan kashi 60 cikin 100 na masu zaɓe suka ƙi amincewa a sanya majalisar ba da shawara ta 'yan asalin ƙasa cikin kundin tsarin mulki. Duka jihohi shida sun ce a'a, har da wadda Sydney ke cikinta.